Tambaya da Amsa: Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi, da Faifan da Ake So a Goge

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun rabu gida biyu. Wasu sun rubuto hankali a tashe domin kwamfutarsu ta ƙi tashi, suna zaton duk abin da suka ajiye a cikinta ya salwanta, wasu kuma sun rubuto hankali kwance suna neman a tabbatar musu cewa abin da suka goge ya tafi har abada. Na haɗa su a fili ɗaya da gangan, saboda akasarin mutanen rukunin farko ba su rasa komai ba, akasarin na rukuni na biyu kuma ba su goge komai ba, kuma dalilin guda ne, kamar yadda za a gani a cikin amsoshin.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Batirin kwamfutata ya ƙare tana tsakiyar sabunta kanta, da na sake kunna ta sai ta nuna baƙin allo da rubutu layi ɗaya, Missing operating system. Kundin digirina da na shafe shekara biyu ina rubutawa yana ciki, ba ni kuma da kwafinsa a ko'ina. Mai gyara ya ce babu mafita sai a yi mata fomatin a sake zuba Windows. Shin haka ne?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Roƙona na farko shi ne kada ki yarda a yi fomatin ɗin nan har sai an fitar da kundinki an ajiye shi a wani wuri daban. Saƙon da kika gani yana nufin kwamfutar ta nemi hanyar da za ta bi ta kai ga Windows ba ta same ta ba, kuma a mafi yawan lokuta fayilolin suna nan daram a inda aka bar su.

Idan aka danna maɓallin kunnawa, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon injin, wadda a tsofaffin kwamfutoci ake kira BIOS, ita ce ke fara farkawa tun kafin Windows. Takan duba ƙwaƙwalwa da madannai, sannan ta leƙa gurbi na farko na faifan ajiya. Girman gurbin nan bayit 512 ne kacal, wato bai kai yawan haruffan wannan sakin layi ba, kuma shi ake kira MBR, rikodin da tashin kwamfuta ya rataya a kansa. Bayit 446 na farko suna ɗauke da umarnin da ke nuna inda za a je a ɗauko babbar manhaja, bayit 64 da ke biye jadawali ne mai layi huɗu da ke faɗin inda kowane ɓangare na faifan ya fara da inda ya ƙare, biyun ƙarshe kuma hatimi ne, 55 da AA, wanda idan BIOS ba ta gan shi ba sai ta ɗauka faifan ba na tashi ba ne. Wannan tsari ya zo ne a 1983 tare da PC DOS 2.0 na kamfanin IBM, kuma ya yi kusan shekara talatin yana mulki kafin tsarin GPT ya fara karɓe wurinsa. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, faifan da ke ɗauke da ɗaruruwan gigabayit na iya tsayawa cak saboda lalacewar ɗan wannan gurbi ko fayilolin tashi da ke biye da shi, alhali sauran faifan ko ƙwarzane bai samu ba.

Kafin a taɓa komai, a fara da abubuwan da ba su da haɗari. A cire duk wata filashi ko katin ajiya da ke maƙale a jikin kwamfutar, domin sau da yawa injin yana ƙoƙarin tashi ne daga filashin da aka manta. A shiga saitin BIOS, galibi ta hanyar danna F2 ko Del ko F10 da zarar an kunna, a duba ko sunan faifan ya bayyana, kuma ko shi ne a sahun farko. A tsofaffin injuna, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, idan ya mutu yakan sa saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani, sai kwamfutar ta riƙa neman tashi ta hanyar da ba ta dace da faifan ba. Sannan ki kasa kunne. Idan faifan mai juyawa ne, wato mai faranti a ciki, kuma kina jin yana ƙas, ƙas, ƙas a kai a kai, ko kuwa BIOS ba ta ganinsa sam, to ciwon yana jikin faifan kansa, babu umarnin da zai warkar da shi, kuma duk kunnawar da aka ƙara tana iya ƙara ɓarna. A irin wannan hali da muguwar rawa gara ƙin tashi, a kashe shi a kai wa waɗanda aikinsu ke nan ceto bayanai.

Idan faifan yana nan kuma babu wata ƙara, mataki na gaba shi ne ceto kundin. A wata kwamfuta mai lafiya a zuba Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar Linux, a filashi, a tayar da taki daga filashin, a zaɓi gwadawa ba tare da girkawa ba. Za ki ga faifanki ya bayyana kamar kowace ma'ajiya, ki buɗe jakar Users, ki kwafe kundin da hotuna da duk abin da ba za ki iya jure rashinsa ba zuwa wani faifai na waje. Ki buɗe kwafin a wata kwamfuta ki tabbatar yana karantuwa. Na dage a kan wannan jeri ne domin na sha ganin an je gyaran gira an tsokane ido: mutum ya rubuta umarni a kan faifan da ba shi ake nufi ba, abin da da farko ɓatan hanya ne ya zama asara ta gaske.

Bayan haka sai gyara. Ana buƙatar filashi mai aƙalla gigabayit 8 da aka zuba wa manhajar girka Windows daga shafin Microsoft. Idan kwamfutar ta tashi daga filashin, kada a danna maɓallin girkawa, a zaɓi Repair your computer, sannan Troubleshoot, a fara gwada Startup Repair, domin sau da dama shi kaɗai yakan wadatar. Idan bai yi ba sai a buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, a rubuta diskpart, sannan list disk. Idan babu alamar tauraro a ƙarƙashin Gpt a layin faifanki, to mai tsarin MBR ne, sai a rubuta exit a fita, a bi da waɗannan ɗaya bayan ɗaya: bootrec /fixmbr, sai bootrec /fixboot, sai bootrec /rebuildbcd. Na farko yana sake rubuta umarnin da ke farkon gurbin nan ba tare da ya taɓa jadawalin ɓangarori ba, na biyu yana gyara gurbin tashi na ɓangaren da Windows ke tashi daga gare shi, na uku kuma yana binciko Windows ɗin da ke faifan ya sake gina kundin saitin tashi. Aikin duka bai fi minti goma ba. Idan kuwa jadawalin ne ya lalace, har faifan ya bayyana kamar fanko, akwai manhajar kyauta mai suna TestDisk wadda Christophe Grenier ya rubuta, tana bin faifan tana neman alamun inda ɓangarori suka fara, ta sake gina jadawalin. Ita ma ba a ba ta izinin rubutu sai bayan an kwafe abin da ake iya kwafewa. Mai gyaran da ya ce miki fomatin kaɗai ne mafita ya zaɓi hanyar da ta fi masa sauƙi ne, kuma kina da haƙƙin ki ce masa a'a.

Tambaya: Malam, na bi umarnin bootrec kamar yadda wani abokin aiki ya rubuta mini. Na farko ya ce ya yi nasara, amma da na rubuta bootrec /fixboot sai ya amsa da Access is denied, kwamfutar kuma har yanzu ba ta tashi. Windows 11 ce. Ina kuskuren yake?
Daga wani ma'aikacin ofis

Amsa: Ɗan'uwa, maganin da aka ba ka na wani ciwo ne daban. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana buƙatar UEFI, magajiyar BIOS, kuma faifan da take tashi daga kansa mai tsarin GPT ne. Shi wannan tsari an kawo shi ne domin MBR ba ya iya lissafin faifan da ya wuce terabayit 2, ba ya kuma ɗaukar manyan ɓangarori fiye da huɗu, alhali GPT a Windows yana ɗaukar 128, yana kuma ajiye kwafin jadawalinsa a ƙarshen faifai saboda ɓacin rana. A irin wannan kwamfuta umarnin tashi ba ya cikin gurbi na farko. Yana cikin wani ƙaramin ɓangare ɓoyayye mai tsarin FAT32, wanda girmansa kan kama daga megabayit 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, ana kiransa ɓangaren EFI. Saboda haka ko sau ɗari ka gyara MBR, injin ba can yake dubawa ba.

Ka koma Command Prompt ka rubuta diskpart, sannan list vol. Ka nemo ƙaramin ɓangaren nan mai FAT32, ka zaɓe shi da select vol tare da lambarsa, ka ba shi harafi da assign letter=S, ka fita. Kafin ka ci gaba ka tabbatar da harafin da Windows take a kai, domin a wannan muhalli na gyara haruffa kan sauya, abin da ka saba gani a C yana iya komawa D. Idan ka rubuta dir C:\Windows ka ga jerin fayiloli, to nan ne. Daga nan sai ka rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI, wanda zai kwafo sababbin fayilolin tashi daga jikin Windows ya zuba su a ɓangaren EFI.

Akwai abu ɗaya da ke iya tare maka hanya. Kwamfutoci da yawa na yanzu suna zuwa da faifai a kulle da BitLocker ba tare da mai su ya sani ba, kuma idan taka tana cikinsu za a nemi makullin ceto mai lambobi 48 kafin a bar ka ka ga abin da ke ciki. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, idan kuma ta ofis ce yana hannun masu kula da na'urorin ma'aikatar. Idan makullin nan ya ɓace babu wata dabara da za ta buɗe faifan, don haka ina shawartar duk mai karanta wannan fili da ya nemo nasa yau ya rubuta a takarda, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Na girka Linux a gefen Windows, daga baya na goge ɓangaren Linux domin in sami wuri. Yanzu idan na kunna sai in ga grub rescue kawai.
Daga wani matashi mai koyon shirya manhaja

Amsa: Lokacin da ka girka Linux, manhajar tashinta mai suna GRUB ta karɓi ragamar tayar da kwamfutar, amma babban kasonta yana zaune ne a ɓangaren da ka goge, shi ya sa ɗan guntun da ya rage yake kira babu mai amsawa. Windows ɗinka lafiyarta ƙalau. Idan faifan mai MBR ne, bootrec /fixmbr daga filashin gyara zai mayar mata da ragamar. Idan kuma UEFI ne, ka shiga saitin tashi ka ɗaga Windows Boot Manager zuwa sahun farko, shi ke nan.

Tambaya: Shin bairos na iya lalata rikodin tashi, kuma gyaran rikodin yana kawar da shi?
Daga wani malamin makaranta

Amsa: Yana iyawa, Malam, kuma tsohuwar sana'a ce. Brain, wanda ya ɓulla a 1986, gurbin tashi na faifan fulofi yake kamawa, Michelangelo kuma ya tayar da hankalin duniya a 1992 saboda an shirya shi ya rubuta shara a farkon faifai duk ranar 6 ga Maris. A 2012 Shamoon ya lalata kwamfutoci kimanin 30,000 na kamfanin man Saudi Aramco, a watan Yuni na 2017 kuma NotPetya ya faro daga Yukren ya bazu zuwa manyan kamfanoni a ƙasashe da dama. Waɗannan biyun na baya ba su tsaya a MBR ba, sun ɓata fayiloli ko kundin da ke nuna inda fayiloli suke, saboda haka gyaran rikodin tashi bai dawo wa kowa da komai ba. Idan ana zargin bairos ne sanadi, ra'ayina shi ne a ceto fayiloli, a bincike su da manhajar kariya a wata kwamfuta, a goge faifan gaba ɗaya a sake girkawa, domin injin da aka taɓa shiga har ƙasan tushensa ba abin amincewa ba ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan sayar da tsohuwar kwamfutata. Na goge dukkan fayiloli, na zubar da kwandon shara, na kuma yi fomatin. Akwai hotunan iyalina da takardun kasuwanci da suka daɗe a ciki. Wannan ya isa?
Daga wata 'yar kasuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bai isa ba, kuma na yi farin ciki da kika tambaya kafin kwamfutar ta bar hannunki. Abin da ya ceci ɗalibar da ta buɗe mana fili shi ne yake barazana gare ki. Idan aka goge fayil, babbar manhaja tana share sunansa ne daga kundin lissafi, ta yi wa wurinsa alamar cewa babu kowa, amma abin da ke rubuce a wurin yana nan har sai wani sabon abu ya hau kansa. Fomatin na gaggawa, wanda yake ƙarewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, sabon kundin lissafi kawai yake shimfiɗawa. Ki auna da hankali: faifan da aka ɗauki sa'o'i ana cika shi ba zai gogu cikin daƙiƙa goma ba.

Na taɓa sayen faifai na hannu domin gwaji, mai sayarwa ya tabbatar mini an yi masa fomatin, kuma da na haɗa shi ya nuna fanko ne. Na sa masa PhotoRec, manhajar kyauta da ke zuwa tare da TestDisk, kafin awa ɗaya jaka ta fara cika: hoton jariri kwance a kan tawul, hoton katin shaida gaba da baya, wata wasiƙa da aka rubuta wa likita. Na tsayar da aikin a nan, na goge faifan yadda ya kamata, amma har yau ina tuna cewa mutanen nan ba su san sirrinsu ya shiga hannun baƙo ba. Ba kuma ƙananan masu amfani kaɗai abin ke samu ba. A 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa sakamakon faifai 158 na hannu da suka saya, inda 129 ke aiki, amma 12 kacal aka goge yadda ya dace, kuma a cikin sauran sun tarar da dubban lambobin katin banki da bayanan marasa lafiya. A watan Satumba na 2022 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, bayan na'urorin ajiyarsa masu ɗauke da bayanan abokan hulɗa sun ƙare a kasuwar gwanjo ta intanet.

Idan faifanki mai juyawa ne, maganin shi ne a rubuta wani abu a kan kowane gurbi daga farko har ƙarshe. Hanya mafi sauƙi ita ce a tayar da kwamfutar daga filashin girka Windows, a buɗe Command Prompt, a shiga diskpart, a rubuta list disk, a zaɓi faifan da select disk da lambarsa, sannan a rubuta clean all. Kalmar all ɗin nan ita ce aikin duka, domin clean shi kaɗai jadawalin ɓangarori kawai yake sharewa, wanda TestDisk ke iya dawowa da shi cikin mintuna, alhali clean all yana zuba sifili a faifan baki ɗaya. Faifai mai terabayit 1 zai ɗauki kimanin awa biyu zuwa uku, allon ba zai nuna wani ci gaba ba, a bar shi a jone da wuta har ya gama. Cikakken fomatin, wanda aka cire wa alamar gaggawa, shi ma yana zuba sifili tun daga Windows Vista, sai dai ɓangaren da aka zaɓa kawai yake shafa. Masu Linux suna da shred da nwipe. Kowace hanya aka bi, a cire duk wani faifai da ba shi ake nufi ba, a kuma dubi girman wanda aka zaɓa sau biyu kafin a danna, domin wannan umarni ba ya tambayar ko an tabbata, abin da ya share kuma ba ya dawowa. Kada ki manta da fita daga asusun imel da na ma'ajiyar intanet kafin a fara, ki kuma duba ko akwai katin ajiya ko faifan CD da aka bari a ciki.

Tambaya: Na ji cewa sai an goge faifai sau 35 kafin ya tsarkaka, wasu kuma sun ce sau uku ko bakwai irin na sojan Amurka. Wanne ne gaskiya?
Daga wani mai gyaran kwamfuta

Amsa: Lambar 35 ta fito ne daga wata maƙala da Peter Gutmann na jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand ya gabatar a 1996. Ya tsara zagaye 35 ne domin su game hanyoyi daban-daban da faifan wancan zamani da na gabaninsa ke bi wajen rubutu a kan maganaɗisu, ta yadda ko wane iri aka samu wasu daga cikin zagayen za su dace da shi. Babu faifan da ya taɓa buƙatar dukansu, kuma shi kansa daga baya ya yi ƙarin bayani cewa mutane sun mayar da tsarin kamar wani surkulle, alhali hanyoyin rubutun da aka tsara shi dominsu sun daɗe da gushewa. Zagaye uku da bakwai ɗin da ake jingina wa takardar DoD 5220.22-M ta ma'aikatar tsaron Amurka su ma tsohon yayi ne. Ma'aunin da aka fi komawa gare shi shi ne SP 800-88 na NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, wanda ya fito a 2006 aka sabunta shi a 2014, kuma ya nuna cewa a faifan maganaɗisu zagaye ɗaya galibi yana hana dawo da bayanai ko da da kayan ɗakin bincike ne.

Ka yi lissafi da kanka, abokin sana'a. Idan zagaye ɗaya a terabayit 1 yana cin awa biyu da rabi, zagaye 35 zai ci fiye da kwana uku, kana wahalar da faifai babu wata riba. Da a ce rabin awa daga wannan lokaci za ka ware ka sa PhotoRec a faifan bayan gogewa ka ga ko zai tono wani abu, da ya fi amfani. Inda rubutu daga waje yake da rauni na gaskiya shi ne gurabun da faifai ya riga ya ware saboda sun lalace, da ɓoyayyen yankin da ake kira HPA, domin babbar manhaja ba ta kaiwa can komai yawan zagaye. Waɗannan sai umarnin Secure Erase da ke cikin faifan kansa, musamman nau'insa mai zurfi, wanda a Linux ake aikawa ta manhajar hdparm. Kada wuta ta yanke yana tsakiyar aiki, domin faifan na iya zama a kulle da kalmar sirrin da aka sa masa kafin a fara.

Tambaya: Tawa SSD ce. Zan iya amfani da DBAN kamar yadda nake yi a da?
Daga wani mai karatu

Amsa: Kada ka yi. An gina DBAN, manhajar goge faifai baki ɗaya, domin faifai mai juyawa, rabonsa da sabuntawa kuma tun 2015. SSD ba ta da faranti, ƙwayoyin ajiya gare ta, kowace ƙwaya kuma tana da iyakar yawan rubutun da za ta jure, shi ya sa na'urar sarrafawa da ke cikinta take rarraba rubutu domin kada wani wuri ya riga wani tsufa. Idan ka ce a rubuta sifili a kan fayil, tana iya rubuta shi a wani sabon wuri ta bar tsohon yadda yake zuwa wani lokaci. Tana kuma da wurin ajiya na rara wanda kwamfuta ba ta ganinsa ko kaɗan. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun gwada wannan a 2011, suka gano cewa goge fayil guda ta hanyar rubutu a kansa ba abin dogaro ba ne a SSD, har ma sun sami wadda ta ba da rahoton ta kammala gogewa alhali bayanan suna nan.

Hanyar da ta dace ita ce a umarci SSD ɗin ta goge kanta, ta manhajar kamfanin da ya ƙera ta, kamar Samsung Magician ga masu Samsung, ko ta zaɓin gogewa da ke cikin saitin UEFI na kwamfutoci da yawa, ko ta umarnin Sanitize ga nau'in NVMe, sannan a bincika bayan an gama. Abin da na fi so, kuma nake yi a kan nawa injuna, shi ne kulle faifai da BitLocker a Windows, ko FileVault a Mac, ko LUKS a Linux, tun ranar da aka fara amfani da shi. Duk abin da aka rubuta daga ranar a rikiɗe yake sauka, idan ranar rabuwa ta zo aka lalata makullin, abin da ya rage a ƙwayoyin tarkace ne da ba ya karantuwa. Kullewa a ranar ƙarshe ba ta kai wannan ƙarfi ba, tunda tsofaffin bayanai na iya saura a wurin rara. Ga mai sayar da kwamfutar gida, zaɓin Reset this PC tare da cire komai da kunna tsabtace faifai yana hana mai tono na yau da kullum, amma Microsoft da kanta ta ce bai cika ma'aunin gwamnati da na masana'antu ba.

Tambaya: Faifan ya mutu, kwamfuta ba ta ganinsa, saboda haka ba zan iya goge shi ba. In jefar da shi kawai? Wani ya ce in goga masa maganaɗisu ko in jiƙa shi a ruwa.
Daga wani akawu

Amsa: Kada ka jefar da shi haka, Malam. Sau da yawa abin da ya mutu allon lantarki ne ko kan karatu, farantan da bayanai ke kansu suna nan lafiya, wanda ya san aikin kuma zai iya sauya abin da ya lalace ya karanta su. Ruwa ba ya goge rubutun maganaɗisu. Maganaɗisun gida ma ba ya yin komai, domin a cikin faifan kansa akwai maganaɗisu mai ƙarfin gaske da ke motsa kan karatu, yana zaune dab da farantan shekara da shekaru bai share ko harafi ɗaya ba. Injin da ke iya wannan aiki na musamman ne, kamfanonin lalata bayanai ke da shi, kuma ko shi ba ya tasiri a kan SSD. Ƙonawa kuwa hayaƙi mai guba take fitarwa.

Ka nemi sukudireba mai kan tauraro mai tsini shida, ka kwance notunan murfin, har da wanda ake ɓoyewa a ƙarƙashin takardar da ke manne a sama. Za ka ga faranti ɗaya ko fiye masu sheƙi kamar madubi. Na manyan kwamfutoci galibi alminiyam ne, sai a huda su a wurare da dama, a kankare fuskarsu, a lanƙwasa su da guduma. Na kwamfutar tafi-da-gidanka sau da yawa gilashi ne, bugu ɗaya yake tarwatsa su, saboda haka ka naɗe su a tsumma mai kauri, ka sa tabarau da safar hannu kafin ka buga. Idan SSD ce, ka buɗe ta ka farfasa kowace baƙar ƙwaya da ke kan allon ɗaya bayan ɗaya, domin huji a tsakiya yana iya wucewa ta tsakaninsu bai taɓa ko ɗaya ba. Ka fitar da faifan daga jikin kwamfutar kafin duk wannan, kada ƙarfe ya kusanci batirin, wanda yake iya kamawa da wuta idan aka huda shi. Tunda takardun da ke ciki na ma'aikata ne, ka rubuta lambar faifan da ranar da aka lalata shi da sunan wanda ya shaida, ka ajiye a fayil, tarkacen kuma a miƙa wa masu karɓar sharar kayan lantarki.